Inshora sun ce motata ta tashi aiki: in karɓi kuɗi ko in riƙe ta in gyara?

Abu Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga mazauna Amurka da waɗanda suka san aikin bodi. Makon jiya ana tafka ruwa na daki bayan wata a-kori-kura da Camry ɗita, ƙirar 2016. Alhamdulillahi ko ƙwarzane ban ji ba. Gaban ne ya daku ta ɓangaren fasinja: bamba, fitila da fenda sun tafi, bonet ya naɗe, lagireto ya fashe. Jakar iska ta sitiyari da ta gwiwa duk sun buɗe. Injin kuwa ƙalau yake, bugu ɗaya yake tashi. Inshora sun yi wa motar kuɗi dala 9,800, suka ce gyara zai ci 8,400, saboda haka ta tashi aiki. In na bar musu ita za su cire 500 na kason da ke kaina su ba ni 9,300. In kuma ina son abata, za su ƙara cire 2,100, wai kuɗin da za ta yi a gwanjo, in karɓi 7,200 da motar, takardarta ta koma ta salbej, wato ta motar da inshora suka ce ta tashi aiki. Zuciyata tana kan riƙe ta, don na san irin kulawar da na ba injin nan. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Kawu Bala da Maman Iman, wannan taku ce.

Gambo Sarkin Gwanjo:
Riƙe abarka ɗan'uwa, kada ka ko yi wata-wata. Wannan 8,400 ɗin kuɗin takarda ne: sababbin kaya na kamfani da ladan aiki na babban gareji. Ni irin waɗannan motocin nake saye a kamfanonin gwanjo na Copart da IAA ina tayarwa. Bamba, fenda, bonet da fitila duk za ka samu a makabartar motoci, in ka dace har kalar motarka, ba sai an yi fenti ba. Dubu uku ta ishe ka, sauran ka zuba a aljihu. Camry ce fa, kayanta kamar ƙasa.

Kawu Bala:
Gambo, ka yi wa yaron nan kuɗin gyara alhali ko bonet ɗin ba ka ɗaga ba. Abu Sadiƙ, sannu da arziki. Duk abin da ka lissafa fata ce, da noti aka ɗaura su, da noti ake kwance su. Abin da nake son ji shi ne na ƙarƙashi. Motarka ba irin mai shasi daban, bodi daban ba ce kamar manyan a-kori-kura. Jikinta gaba ɗaya shi ne shasin. A gaba akwai ƙarafa biyu da suka miƙo daga ƙasan gilashi, ɗaya dama ɗaya hagu, injin yana zaune a tsakaninsu, a bakinsu aka ɗaure ƙarfen bamba. Su muke kira ƙafafun shasi. An ƙera su ne don su naɗe daki-daki idan aka yi karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya iso ga mutum. Kuma tunda ka daki a-kori-kura, akwai yiwuwar ka shige ƙarƙashin bambarta, bugun ya hau sama. Wani lokacin hakan sa'a ce, don ƙafar takan tsira. Wani lokacin kuma bugun yakan tura ƙarfen sama har ya taɓa mazaunin shokazoba.

Ka je inda motar take da tocila da tef ɗin awo. Ka buɗe ƙofar fasinja ka rufe, ka ji ko tana gogar fenda ko sai ka ɗaga ta kafin ta kama. Ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙi, ka gwada da ta ɗaya gefen. Ka sa yatsu tsakanin tayar gaba da bayan fenda, dama da hagu, ka ga ko taya ɗaya ta ja baya. Sannan ka haska ƙafar shasin daga gefe, kada ka haska ta kai tsaye, hasken gefe ne ke fito da lanƙwasa. Duk inda ka ga fenti ya tsattsage kamar busasshen taɓo, ko gam ɗin da aka toshe haɗin ƙarfe da shi ya ɓalle, to ƙarfen wurin ya motsa. Ka shafa da hannu, yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Ka ɗauko mana hoto.

Maman Iman:
Sannu ƙanena, Allah ya tsare. Ni na yi aikin duba takardun biyan diyya, bari in yi maka lissafin da ba a cika yi ba. Kafin nan, tambaya ɗaya: akwai bashin banki a kan motar? In akwai, banki za a fara biya, kuma sai da yardarsu za ka riƙe ta.

To lissafi. Ka karɓi 7,200. Mu ce gyara na gaskiya, har da jakunkunan iska, ya ci 5,000. Saura 2,200 a hannunka, da mota. Amma motar ba ta 9,800 ba ce kuma. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne mota mai tambarin salbej tana rasa kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na darajarta, ko da an gyara ta tsaf. Ke nan taka za ta tsaya tsakanin 5,900 da 7,800. Ɗauki tsakiya, ka haɗa da 2,200 ɗin, za ka ga ka dawo kusa da 9,300 ɗin da za su ba ka yau ba tare da ka ɗaga ko sifana ba. Ribar tana ga mutum ɗaya ne kawai: wanda zai hau ta har ta mutu a hannunsa, bai damu da kuɗin sayarwa ba. In kana da niyyar canza mota nan da shekara ɗaya ko biyu, karɓi kuɗinka.

Abu na biyu, kada ka ɗauki 9,800 ɗin nan kamar saukakkiyar aya. Ka nemi su ba ka rahoton da suka yi kuɗin da shi. Ka duba ko sun sa nisan tafiyar motar daidai, ko sun sa ajinta daidai. Ka nemo tallan irin motarka a yankinku, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya, ka tura musu. In ka sa sababbin tayoyi kwanan nan, nuna rasit. Mutane da yawa suna ta ciniki a kan kuɗin gwanjo, suna barin babban adadin.

Abu Sadiƙ:
Na gode Anti. Babu bashi, na gama biya tun bara. Niyyata in riƙe ta har yarana su fara koyon tuƙi da ita.

Maman Iman:
To kuwa maganar Kawu ta ƙara nauyi, tunda yara za ka ɗora. Kuma ka yi hanzari da shawara, don in motar tana filin masu jan mota, kullum kuɗin ajiya hawa yake, inshora kuma suna da ranar da za su daina biya.

Nura:
Ni abin da ban gane ba, ta yaya motar da injinta ke tashi za a ce ta tashi aiki?

Maman Iman:
Nura, kalmar ta kuɗi ce, ba ta makanikai ba. Kowace jiha da ma'auninta. A Oklahoma in gyara ya kai kashi 60 na darajar mota an gama magana, New York 75, Florida 80, Texas sai ya kai 100. Wasu kamar Kalifoniya ba su da kaso, haɗa kuɗin gyara da kuɗin gwanjo ake yi, in sun kai darajar motar shi ke nan. Shi ya sa tsohuwar mota ƙanƙara kawai za ta lotsa jikinta a ce ta tashi aiki, alhali lafiyarta lau. Irin waɗannan su ne salbej masu daɗi. Ta ruwa kuwa, wadda ambaliya ta shanye, ko kyauta ban so, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa.

Gambo Sarkin Gwanjo:
Kawu, da girmanka, amma kuna tsorata mutane. Ko ƙafar ta lanƙwashe ai ba ƙarshen duniya ba ne. A ɗaure da sarƙa a ja, a ɗan gasa da wuta ta yi laushi, ta koma mazauninta. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Kawu Bala:
Haka muka yi ta yi, gaskiyarka, a zamanin da ƙarfen mota ƙarfe ne mai laushi. Na yanzu daban ne. Motocin wannan zamani ana haɗa su da ƙarfe kala-kala, wani siriri ne amma ƙarfinsa ya ninka na da sau da yawa, kuma wannan ƙarfin a wurin ƙira aka ba shi, ta hanyar dumamawa da sanyayawa a ma'auni. Ka sa masa wutar gas ya yi ja, ka kashe shi. Zai koma mazauninsa, a shafa foti, a fesa fenti, ya yi kyau kamar amarya, amma ranar da aka sake karo ba zai naɗe yadda aka tsara ba. Ko ya tsage, ko ya nitse gaba ɗaya ya kawo injin kan ƙafafun direba. Shi ya sa kamfanonin motoci suke rubutawa a littafin gyara cewa kada a gasa irin wannan ƙarfen, mafi ƙarfin cikinsu ma ba a miƙe shi ko da sanyi, cirewa ake a sa sabo.

Ƙa'idar da aka koya mana mai sauƙi ce. In lanƙwasa ce mai laushi, wadda ta tafi a hankali, ana iya ja a kan bencin miƙe shasi da sanyi, ana ja ana awo. In kuwa ƙarfen ya karye kwana, ya yi kaifi kamar an ninke takarda, to yankewa ake yi a daidai wurin da kamfani ya ce a yanke, a yi waldar sabo yadda suka ce. Kuma awon ba na ido ba ne. Sassaucin da ake bayarwa bai wuce milimita 3 ba. Ka wuce haka, za ka yi ta kai mota saitin taya tana cin taya gefe ɗaya, kana zargin mai saitin.

Ga abin da ya faru a Dallas, ku bincika ku gani. Honda Fit ce ƙirar 2010, ƙanƙara ta ɓata rufinta. Gareji suka canza rufin, maimakon walda kamar yadda Honda ta ce, sai suka manna shi da gam. Aka sayar da motar, wasu ma'aurata suka saya ba su san komai ba. A ƙarshen 2013 aka yi karo da su, rufin ya saki, motar ta kama da wuta, suka ji munanan raunuka. A 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya su kusan dala miliyan 42, kashi 75 na laifin a wuyan garejin. Rufi ne fa, abin da kowa zai ce maka murfi ne kawai.

Gambo Sarkin Gwanjo:
To na ji ta ƙarfe. Amma ni motocin da na gyara ba wadda aka dawo mini da ita.

Kawu Bala:
Gyaran shasi ba a gane ingancinsa sai ranar karo na biyu, ɗana. Wanda hakan ta same shi kuwa ba lallai ya iya dawowa ya faɗa maka ba.

Injiniya Sa'adatu:
Ku ba ni wuri in yi maganar jakar iska, don nan ne dubu ukun Yaya Gambo za ta watse. Ba jakunkuna biyun nan kawai za a canza ba. A lokacin da suka buɗe, bel ɗin kujerar direba ma ya harba, akwai ɗan abin fashewa a cikinsa da ke fizge bel ya ɗaure mutum, sau ɗaya yake aiki. Abu Sadiƙ, ja bel ɗinka ka gani, za ka tarar ya maƙale ko ya saki ba ya komawa. Sai kwamfutar jakar iska, wadda ta riga ta rubuta cewa an yi karo, ita ma a littafin gyara canzawa ake. Sai sensocin gaba, sai naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari, ita ma a duba ta don zafi yakan narkar da bakinta. Ta fasinja ba ta buɗe ba ne saboda kujerar tana da ma'aunin nauyi, ta san ba kowa a kai. Wannan ya rage maka kuɗi sosai, da ta buɗe da har dashbod za ka saya.

Inda nake roƙonka da Allah: kada ka sayi jakar iska mai araha a intanet. Tun 2012 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta yi gargaɗi kan na jabu, masu ɗauke da tambarin kamfani kamar na gaske. A Yulin 2024 ta sake fitar da sanarwa cewa cikin wata tara mutum uku sun mutu, biyu sun ji mummunan rauni, duk a motoci na hannu da aka taɓa karo da su aka sa musu irin waɗannan. Maimakon iska, ɓaraguzan ƙarfe suke watsawa a fuska da wuya. Ta makabartar motoci ma da tata matsalar: ba ka san ko ruwa ya taɓa ta ba, kuma ba ka san ko tana cikin waɗanda aka yi kiranye, wato kamfani ya ce a mayar saboda aibi, ba. Ku tuna da jakunkunan iska na kamfanin Takata, wajen miliyan 67 aka yi wa kiranye a Amurka kaɗai, wasu har yau suna kwance a motocin da aka yasar. New York ma ba ta yarda a sa tsohuwar jakar iska a motar salbej ba, sai sabuwa.

Mafi muni su ne masu cusa wani ɗan kayan lantarki da ake kira resisto a bakin waya don fitilar gargaɗi ta mutu, su rufe sitiyari da murfi babu komai a ciki. Duk mai sayen mota ya lura: in ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. In ta kama ta mutu daidai, wannan ma bai wanke ta ba, tunda aikin resiston ke nan, sai an sa kwamfuta kuma an buɗe an gani. Kuma waya mai ruwan ɗorawa galibi ta jakar iska ce, ba a taɓa ta sai an cire batir an jira 'yan mintuna.

Shamsu:
Mu nan Ingila tsarin daban ne, ga wanda zai amfana. Tun Oktoban 2017 aji huɗu ake kasa motocin da suka tashi aiki. A, a niƙe ta duka. B, a cire kaya a niƙe bodin. S, shasi ya taɓu amma za ta gyaru. N, shasi bai taɓu ba. S da N kawai ke komawa titi. Amma kada N ta ruɗe ku, ana iya samun matsalar birki ko sitiyari a cikinta. In ka riƙe S, takardar mota za ka miƙa wa inshora, ka nemi sabuwa daga hukumar rajistar motoci, DVLA, su rubuta ajin a jiki. Abin mamaki, babu wani binciken gyara na musamman da ake yi kafin ta hau titi.

Maman Iman:
Shamsu, a nan ma kada a ɗora wa binciken abin da ba nasa ba. Motar salbej ba ta hawa titi sai an gyara, an kai ta an duba, a ba ta takardar wadda aka sake ginawa. Amma a jihohi da dama, New York misali, abin da suke nema shi ne ko an sa kayan sata, ba ingancin walda ba. Saboda haka Abu Sadiƙ, kowane ƙarfe ka saya ka ajiye rasit, in na hannu ne a rubuta lambar shasin motar da aka ciro shi. Ka ɗauki hoto kafin gyara, ana cikin gyara, da bayan an gama, tun kafin fenti ya rufe komai. Kuma tun yau ka kira inshorarka ka tambaya wace irin inshora za su yi mata bayan gyara. Wasu ba sa bayarwa sai na biyan wanda ka buge.

Nura:
To in mutum ya gyara ta da kyau, dole ne sai ya faɗa wa mai saye? Na ji ana kai mota wata jiha takardar ta fito fes.

Malam Habu:
Nura, a wannan zauren ba ma koya wa juna haka. Wanke takarda laifi ne a doka, ɓoye aibin haja kuma ka san hukuncinsa tun kana makarantar allo. Ballantana yanzu inshora da masu gwanjo suna kai rahoto rumbun gwamnati na NMVTIS, ga kamfanin Carfax mai ba da tarihin mota, ga hotunan gwanjo da ke yawo a intanet da lambar shasi. Mu koma kan maganar ɗan'uwanmu.

Abu Sadiƙ:
Kawu, na je. Ƙofa tana rufuwa lafiya, ba ta gogar komai. Tazarar taya iri ɗaya ce dama da hagu, yatsu huɗu huɗu. Amma bakin ƙafar shasin na dama, inda ƙarfen bamba yake ɗaure, ya karkace ciki, fentin wurin ya ɓare kamar tsawon ɗan yatsa. Daga nan zuwa baya ban ga komai ba. Bel kuma ya maƙale kamar yadda Injiniya ta faɗa. Ga hotuna.

Kawu Bala:
Na gani. Alama mai kyau ce, amma hoto na uku bai kwanta mini ba, akwai inuwa a bayan tankin ruwan gilashi da ban san ko datti ba ne ko lotsawa. Tef ɗinka ba zai raba wannan gardamar ba. Ka biya a ja motar zuwa garejin da ke da bencin awo, a kwance bamba da fenda da lagireto, a auna, a buga maka takardar awon. Kuɗin awo kaɗan ne a kan abin da kake shirin kashewa. Ka kuma tambaye su kai tsaye ko littafin Toyota ya yarda a yanke bakin ƙafar a wannan ƙirar, kuma a ina. In suka ce maka "ai mun saba", ja motarka ka tafi wani wurin. In bakin ne kawai, ni zan ce ka riƙe, tunda zama za ka yi da ita. In karkatar ta wuce mazaunin injin, ko mazaunin shokazoba ya gusa, miƙa musu makulli ka karɓi 9,300 ɗinka.

Gambo Sarkin Gwanjo:
In ka fasa, faɗa mini ranar da za ta hau gwanjo.

Injiniya Sa'adatu:
Yaya Gambo kai dai ba ka ji. Abu Sadiƙ, kafin ka ba inshora amsa, kira dila ka ba su lambar shasi su yi maka kuɗin jakunkuna biyu, bel, kwamfuta da sensoci, a rubuce. Ka haɗa da kwandansan AC, don yana gaban lagireto, da wuya a ce lagireto ya fashe shi ya tsira.

Kawu Bala:
Kuma in an yi waldar, ka tsaya a kansu su toshe haɗin da gam su fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙafar. In a jihar da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi kake, waldar da aka bari tsirara ba ta daɗewa take fara ci daga ciki.

Abu Sadiƙ:
To Kawu. Na kira inshora sun ƙara mini zuwa Juma'a, mai awo kuma ya ce in kawo ta Laraba da safe. Anti, tallan motocin da kika ce in tura, guda nawa ya kamata?

Maman Iman:
Uku zuwa biyar sun isa, na dillalai, kuma ka ɗauki hoton allon da kwanan wata da lambar shasi a jiki, don talla yakan ɓace da zarar an sayar da motar.